Gyara a Kwalbar Maganin Tsutsa

Aikina na farko bayan na gama makarantar koyon haɗa magunguna a wani kemis na yi shi, a cikin Yerwa, babban birnin Borno, wajen tsakiyar shekarun tamanin. Ina zaune a unguwar Mairi gidan yayata, kullum da safe in hau bas in sauka bakin kasuwa, in ƙarasa da ƙafa ta ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Kemis ɗin ɗaki biyu ne. A na gaba ake sayarwa, akwai kanta, akwai kuma wata taga a gefe ta matan da ba sa son kutsawa cikin maza. A na baya ake ɗura magani. Lokacin yawancin maganin ruwa a manyan kwalabe yake zuwar mana, mu ne za mu rarraba shi a ƙanana, mu liƙa takarda, mu rubuta yadda za a sha.

Mu uku ne a wurin. Akwai Maigida, mai kemis ɗin, mutumin kudancin Borno, wanda ya daɗe yana aikin magani a asibiti kafin ya buɗe nasa. Ba ya faɗa, ba ya kuma maimaita magana. In ya cire tabarau ya fara goge shi da bakin riga, to kowa ya shiga taitayinsa. Akwai ni, da sabuwar takardata da farar rigata, ina jin duk garin babu wanda ya kai ni sanin awo. Sai Baba, mai ɗakin baya.

Baba Shuwa ne, dogo, siriri, gemunsa ya yi fari fat. Iyayensa makiyaya ne, shanu suka ƙare musu suka shigo gari. Da wankin kwalba ya fara a asibitin da Maigida ya yi aiki, a can ya koyi awo, da Maigida zai tashi kuma ya taho da shi. A boko lambobi kawai ya iya karantawa, amma kowane magani ya san shi da warinsa. In ya ɗaga kofin awo daidai idonsa yana tsiyayawa, ko numfashi ba ya yi sai ya gama. Jikoki uku marayu ne a hannunsa, kuma a shekarunsa babu wanda zai sake ɗaukarsa aiki. "Ya binti" yake kirana, wato 'yata da Larabcinsu. Ni kuma in tsokane shi, in ce shayin da yake dafa mana ya fi maganin tarinmu sukari, ya ce ai shi ya sa nasa yake warkarwa.

Maganin tsutsar ciki na yara ne ya jawo abin. Shi wannan magani sha ɗaya ake yi masa. Da can Maigida kan ce a ba yaro cokali ɗaya, sai ya lura cokali a gidajen mutane ba iri ɗaya ba ne. Wata da na shayi za ta auna, wata da na cin shinkafa, wata ma da ƙaramin ludayi. Sai ya samo wasu 'yan mitsi-mitsin kwalabe, ya ce kowane yaro kwalba ɗaya, a juye masa duka a baki, shi ke nan. Mil biyar ga ƙanana, mil goma ga waɗanda suka tasa. Uwa ba ta da abin da za ta auna, mu muka auna mata. Mata sun so dabarar, har daga unguwanni masu nisa ake zuwa neman mai kwalba ɗaya.

Wata safiya cikin bazara wata mata daga unguwar Limanti ta zo taga da ɗanta a kafaɗa, bai fi shekara biyu ba, ramamme. Hausarta kaɗan ce, Kanuri ta fi ji, don haka Baba aka kira ya yi tafinta. Ta ce jiya ta ba shi maganin, ya yi ta amai, yau kuma in ta tsayar da shi sai ya riƙa tangaɗi yana faɗuwa. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da kwalbar, babu ko ɗigo a ciki. Ba rigima ta zo yi ba. Tambaya take ko ita ce ta yi kuskure wajen ba shi, kuma da bakin Baba tambayar ta iso mana. Maigida ya duba yaron, ya ce alamar maganin ya yi masa yawa ne, zai sake shi, amma duk da haka ya rubuta mata takarda ta kai shi asibiti. Bayan kwana biyu ta biyo ta ce ya warware.

Ita dai tana tafiya a ranar, Maigida ya ce in kwaso duk ƙananan kwalaben da ke kan kanta in sake aunawa. Na shiga ɗakin baya na riƙa juye su ɗaya bayan ɗaya a silindar awo, dogon gilashin nan mai layuka. Babu mai mil biyar ko ɗaya. Duk sun doshi bakwai, kuma abin da ya fi ɗaure min kai, kansu ɗaya. Da kuskure ne, da wata ta gaza wata ta wuce. Wannan hannu ne da ya san inda layi yake, ya wuce shi da gangan, ya kuma wuce shi daidai kowane lokaci.

Ina da saurin fushi, har yau ban rabu da shi ba. Na ɗaga wa Baba murya, mutumin da ya girmi mahaifina. Na ce masa ko idonsa ne ya mutu ya faɗa mana, ko kuwa so yake ya kashe 'ya'yan mutane. Ya bar ni har na gaji. Sannan ya ce idonsa lafiya lau, gyara ce yake yi. Mahaifiyarsa nono da man shanu take sayarwa a kasuwa, kuma bai taɓa ganin ta miƙa wa mutum ƙwarya ba tare da ta ƙara ɗan wani abu a kan awo ba, ko a shekarar da su kansu ba sa ƙoshi.

"Mutum ya taso daga gidansa da ɗa ba lafiya, ya binti," in ji shi, "ki tsaya masa cif a kan layi, kamar kina jin haushinsa?"

Shekara talatin yana yin haka, babu wanda ya taɓa kawo ƙara. Kuma da gaskiyarsa ta wani gefen. A babbar kwalbar maganin tari da za a yi mako ana sha da cokali, ɗan ƙari taimako ne, don yaro yakan tofar, kwalba takan zube. Amma a kwalbar da za a shanye a kurɓi ɗaya, ƙarin nan cikin yaro yake tafiya. Na fara yi masa wannan bayani, ban kai ƙarshe ba na ga ya riga ni ganewa. Ya laluba bayansa ya zauna a kan kwali. Ya tambaye ni kwalba nawa muka sayar tun da aka fara, na ce ban sani ba. Ban taɓa jin kunyar samun gaskiya irin ta ranar ba.

Maigida bai yi wa Baba faɗa ba, wanda ni a ganina gara faɗan. Ya ce daga yau ba a ƙara auna ƙananan kwalabe da hannu, famfon awo za a saya. Ya aika wa wani mutumin Kano da ke kawo kayan asibiti. Da Baba ya fita alwala sai Maigida ya cire tabarau ya gaya min sauran. Ya ce yana ƙaunar tsohon nan, tare suka tsufa a cikin warin magani, amma ba zai iya barin lafiyar yara a hannun da yake ƙari don tausayi ba. In aka sami famfon da mutum ɗaya zai riƙe, ɗakin baya ba ya bukatar mutum biyu. Ya ce ni zan zaɓi famfon, tunda ni ce zan amsa tambaya in wani abu ya sake faruwa.

Kwana goma muka yi kafin mutumin ya zo. A kwanakin ni nake ɗura ƙananan da sirinji, ɗaya-ɗaya, har yatsana ya yi kanta. Baba ya koma wankin kwalba, aikin da ya fara da shi yana saurayi. Bai daina dafa shayi ba, amma ya daina ce min in ƙara.

Mutumin Kano ya iso da kwalaye uku da baki mai zaƙi. Na farkon da ya buɗe na roba ne, bai bambanta da wanda ake zuƙo kananzir daga garwa ba sai launi. Na danna shi sau uku, ya ba ni awo uku daban-daban. Na ce ya mayar, ya kai wa masu manja. Ya yi dariya ya ce dama don a sami na rainawa ya kawo shi.

Na biyu na lantarki ne, ɗan akwati mai nauyi. A gabansa akwai wasu 'yan tayoyi uku masu juyawa suna matse wani siririn tiyo, suna tura maganin gaba. Maganin ba ya taɓa komai sai cikin tiyon, in za a canza magani tiyo kawai za a canza. Ka taka wani abu da ƙafa, ya zubo awon da aka saita, ya tsaya. Inda ake saita awon kuma akwai murfi da makulli. Na ga idon Maigida ya tsaya a kan makullin nan.

Na uku na hannu ne. Kamar ƙaton sirinji na gilashi, ana ɗaura shi a bakin babbar kwalba. Ka ja sama sai ya daki wani noti ya tsaya, ka danna ƙasa maganin ya fito ta wani lanƙwasasshen baki. A cikinsa akwai 'yan ƙwallayen gilashi biyu da ke hana magani komawa. Notin nan shi ne awon. In aka murɗa shi sama awo ya ƙaru, in aka murɗa ƙasa ya ragu. Kuma daidai inda babban yatsan mai aiki yake sauka, nan notin yake.

Mutumin ya nemi ruwa ya gwada mana, duka biyun suka ba da biyar cif. Na ce ba ruwa muke sayarwa ba. Na ɗauko maganin kansa, mai kauri da danƙo, na kuma ce ba yanzu da sanyin safiya ba, sai bayan azahar, lokacin da kwanon ɗakin baya yake gasa mutum. Ya dube ni ya dubi Maigida, kamar yana tambaya wace ce wannan. Maigida ya ce a yi yadda na ce.

Da rana ta take muka fara. Na lantarkin ya yi kyau ƙwarai a kwalaben farko. Can da tiyon ya ɗau zafi ya yi laushi, sai awon ya fara raguwa kaɗan-kaɗan, sai an buɗe an sake saitawa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, na kusa yin guɗa. Na hannun kuwa bai san zafi ba. Aibinsa biyu ne. In iska ta shiga gilashin awo ya gaza, sai an fitar da ita tukuna. In kuma ba a wanke shi sosai bayan aiki ba, sukarin maganin ya bushe ya liƙe ƙwallayen, washegari ya ƙi ja. Yana son mutumin da zai kwance shi kullum, ya wanke kowane ɓangare da ruwan ɗumi, ya shanya, ya mayar, ba ya gajiya ba ya gaggawa. Mutum ɗaya na sani mai wannan hali.

Gaskiyar da ban faɗa a ranar ba ita ce, na lantarkin ba shi da laifin da na ɗora masa. Ya fi tsabta, ya fi sauri. Laushin tiyo abu ne da za a iya bi da dubawa bayan kowace kwalba ashirin, wuta kuma ko ta tafi tana dawowa. Amma na tsaya gaban Maigida na yi ta kambama aibinsa. Na ce tiyon in ya ƙare sai an jira daga Kano, na ce zafin Borno zai kashe shi cikin wata uku, na ce har ƙarar injin ba ta yi min ba. Na yaba na hannun kamar ni na ƙera shi. Maigida ya bar ni na zuba har na ƙare. Sai ya nuna notin da bakin alƙalami, ya ce wannan fa, wa zai tsare shi?

Na ce Baba. Na ce ya ga yaron nan da idonsa, da bakinsa ya fassara maganar uwar, mutumin da ya ga haka ba ya bukatar makulli. Maigida ya daɗe yana goge tabarau. Ya ce ya ji, a bar na hannun. Amma kowace Asabar shi da kansa zai ɗebi kwalba biyar ya auna, kuma ranar da ya sami ɗaya ta wuce layi, magana ta ƙare. A gaban Baba ya faɗa, don kada wani ya ce bai ji ba.

Na saita notin a kan biyar, na gwada sau goma, na miƙa wa Baba. Cikin yini ɗaya ya fi ni iyawa. Ya gane shigar iska ta yadda hannunsa yake ji tun kafin ya ga kumfa. Da yamma ya shimfiɗa farin ƙyalle ya jera ɓangarorin a kai, ya wanke ƙwallayen nan biyu ɗaya-ɗaya. Asabar ta farko Maigida ya auna, biyar cif. Ta biyu ma haka. Na fara tafiya ina ɗaga kai, ina jin na yi dabara kuma na yi alheri a lokaci guda.

Ranar Laraba ta mako na uku na dawo daga sallar azahar na tarar da Baba a tsaye da mazurari, yana juye ƙananan kwalabe cikin babba. Guda goma sha biyu ne a gabansa, ya juye rabi. Na tambaye shi lafiya. Bai juyo ba. Ya ce ɗazu yana aiki ya hango wata mata ta taga, da yarinya a bayanta, wuyan yarinyar kamar zai karye don rama. Bai san lokacin da yatsansa ya murɗa notin ba. Sai da ya cika sha biyu ya ga kwalaben sun fi cika a ido. Ya ce babu kwalbar da ta fita daga ɗakin, ya ƙirga sau uku.

Abin da ya fara zuwa min shi ne in mayar da notin, mu gama juyewa, kowa ya kama bakinsa. Maigida yana gaba da masu saye, ba zai taɓa sani ba. Na miƙa hannu zan mayar da notin, Baba ya ce in dakata. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wani ƙullin takarda. A ciki akwai siririyar waya da ɗan dunƙulen darma mai huda, irin wanda ake ɗaure mitar wuta da shi. Ya ce tun makon jiya ya samo wajen wani mai gyaran wuta, yana yawo da shi a aljihu, kunya ta hana shi ba ni, don ya ji abin da na faɗa a kansa gaban Maigida.

"Kin ce ba na bukatar makulli," in ji shi. "Na gode, ya binti, amma ba ki san hannun nan ba kamar yadda na san shi. Ki ɗaure."

Na so in ce masa a'a, in ce sau ɗaya ne, ba zai sake ba. Maimakon haka sai na karɓi ƙullin. Na mayar da notin kan biyar, na gwada a silinda, na zura wayar ta jikinsa na naɗe ta a wuyan famfon. Hawaye ya hana ni ganin hudar darmar, sai da na yi sau uku kafin wayar ta shiga. Haushin kaina nake ji, don na yi ta alfahari da yardar da na yi masa, ban taɓa tunanin nauyin da na ɗora wa tsoho ba, shi kaɗai da notin nan a ƙarƙashin yatsansa daga safe zuwa yamma.

Ina neman filaya Maigida ya ɗaga labule ya shigo neman wani abu. Ya ga mazurari, ya ga kwalaben, ya ga wayar. Na buɗe baki zan fara haɗa wata magana, Baba ya riga ni. Ya faɗi komai yadda ya faru, bai rage ba, har adadin kwalaben. Da ya gama ya cire farar rigar aikinsa ya ninke ta ya ɗora a kan tebur, ya tsaya yana jira.

Maigida ya tambaya ko akwai kwalbar da ta kai wajen masu saye. Baba ya ce ko ɗaya. Ya tambaya dabarar waye wayar. Baba ya ce tasa. Maigida ya matso ya ja wayar da yatsa, ya ga ba ta motsi. Ya karɓi filayar daga hannuna, ya kama darmar ya matse da hannu biyu har ta baje. Ya gwada murɗa notin da ƙarfinsa, ya ƙi. Sannan ya ɗauki rigar daga kan tebur ya warware ta, ya miƙa wa Baba.

"Akwai mata huɗu a taga suna jira, Baba," in ji shi. "Cika musu."